Me ya sa kemo ya zubar wa Hajiya gashi, maƙwabci kuwa ƙwaya ɗaya yake sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Kubwa ce a Abuja. An gano kansar mama a jikin mahaifiyata, an fara yi mata kemo, duk bayan mako uku ana ɗaura mata wani jan ruwa. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, jininta kuma yana sauka. Amma muna da wani maƙwabci mai kansar jini da ya fi shekara biyar yana shan ƙwaya ɗaya kullum, yana zuwa shagonsa a kasuwar Wuse kamar ba abin da ke damunsa. Me ya sa ba a ba mahaifiyata irin ƙwayarsa ba? Kuma ta yaya magani yake gane ƙwayar kansa daga mai lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan jinya. Ni mai harhaɗa magunguna ne, na daɗe ina aiki da masu kansa a nan Abuja, kuma irin jan ruwan nan da hannuna nake haɗa shi. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsar ta farko a cikinta take.

Magani ba shi da ido. Idan ya shiga jijiya, duk inda jini ya kai shi nan zai je, ko ƙari ne, ko hanji, ko tushen gashi. Abin da yake yi shi ne tare wani ma'aikaci guda a cikin ƙwayar halitta ya hana shi aiki. Ki ɗauki kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tamkar ƙaramin gari mai cike da masu sana'a. Akwai mai niƙa sukari ya fitar da ƙarfi, akwai mai buga tubalan da ake gina kundin gado da su, wato DNA, akwai mai kwafe kundin idan ƙwayar za ta rabu biyu, akwai mai ɗinke inda ya yage. Waɗannan masu sana'a su ake kira enzayim. Furotin ne, kowane sana'a ɗaya ya iya, kuma a jikinsa akwai ɗan gurbi inda kayan aikinsa ke shiga daidai, kamar mabuɗi a kwaɗo. Idan aka ƙera wani abu mai kama da mabuɗin, ya shiga gurbin ya maƙale, sana'ar ta tsaya ke nan. Da yawa daga cikin magungunan kansa haka suke aiki. Don haka sauƙin magani ko zafinsa ya dogara ne ga abu ɗaya: wannan enzayim da ake tarewa, yaya bambancinsa yake tsakanin ƙwayar kansa da ƙwayar lafiya? Maganin Hajiya yana tare ma'aikacin da duka ɓangarorin biyu suke da shi. Na maƙwabcinku yana tare ma'aikacin da kansar kaɗai ke taƙama da shi.

Tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna shan sukari fiye da kima, kuma suna sarrafa shi ta gajeriyar hanya ko da iskar numfashi ta wadata. Daga nan aka fara fahimtar cewa enzayim ɗin kansa ba a jere ɗaya suke da na lafiyayyen nama ba. Bari in tsaya a nan in roƙe ki wani abu, domin wannan bayanin ne wasu suka juya suke ce wa masu jinya su hana mara lafiya tuwo da shinkafa wai don kansa ta mutu da yunwa. Kada ki yi wa Hajiya haka. Ko ba ta ci komai ba, jikinta zai narkar da tsokarsa, hantarta ta ƙera sukari da ita, ƙarin ya samu rabonsa, ita kuma ta rame har a kasa ɗaura mata ruwa na gaba. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma abin yana ci mini rai.

Cikin waɗanda suka aza tubalin kemo irin wanda muka sani akwai wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber. Kin san folik asid, ƙwayar da ake ba mata masu ciki a wurin awo. Ƙwayar halitta ba ta iya buga tubalan DNA sai da shi, kuma akwai wani enzayim mai suna DHFR da ke mayar da shi yadda za a iya amfani da shi. A 1947 Farber ya fara ba yara masu kansar jini wani sinadari mai kama da folik asid, amma na bogi, mai suna aminofterin. A rahoton da ya fitar a 1948, yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Cutar ta dawo musu daga baya, amma a karon farko an ga cewa ana iya tura kansar jinin yara baya da magani. Ƙanen wannan sinadarin, metotireksat, har yau muna ba da shi, kuma a 1956 wani likita mai suna Min Chiu Li ya warkar da mace mai kansar da ke tasowa daga mabiyiya da shi, bayan cutar ta riga ta bazu. A 1957 kuma Charles Heidelberger ya fito da 5-FU, wanda ke toshe wani enzayim ɗin a kan wannan layi na buga tubali. Shi ma hayidroksiyuriya da ake ba masu sikila a asibitocinmu, asalinsa maganin kansa ne na wannan dangi, daga baya aka gano yana ƙara irin jinin jarirai a jikin mai sikila yana rage masa tashin ciwo.

Jan ruwan Hajiya kuwa, doksorubisin ne ko ɗan'uwansa efirubisin, dukansu ja ne. An samo asalin danginsu daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa a Italiya. Ga yadda yake aiki. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda, da za a miƙe shi, ya kai kimanin mita biyu, amma an nannaɗe shi a wurin da ido ba ya gani. Idan aka zo kwafe shi sai ya murɗe ya cukurkuɗe, kamar zaren mai saƙa idan an ja shi da gaggawa. Akwai enzayim mai suna tofo'aisomeras da aikinsa shi ne ya yanke zaren, ya warware ƙullin, ya sake haɗe shi. Jan ruwan yana jira sai ma'aikacin nan ya yanke, sai ya riƙe masa hannu kafin ya haɗe. Zaren ya tsaya a yanke, ƙwayar da ke shirin rabuwa ta mutu. Ƙwayar kansa kullum cikin rabuwa take, don haka ita ta fi shan duka.

Matsalar ita ce ba ita kaɗai ke rabuwa da sauri ba. Tushen gashi yana yi, fatar cikin baki da ta hanji tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, ɓargo kuma yana ƙera jini dare da rana. Duka ukun da kika lissafa, gashi da gyambon baki da saukar jini, ga tushensu nan. Alama ce cewa maganin yana tare enzayim ɗin da aka aike shi ya tare, a duk inda ya same shi yana aiki. Tazarar mako ukun ma da dalili aka sa ta. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, sukan fi yin ƙasa a mako na biyu bayan ruwan, su farfaɗo zuwa mako na uku, alhali ƙari ba ya murmurewa da saurin ɓargo. Wannan ratar muke ci a kowane zagaye. Akwai kuma wata rahama a ciki: galibi ana haɗa jan ruwan da wani magani, siklofosfamid, wanda yake shiga jiki a kwance sai enzayim ɗin hanta sun tashe shi, su kuwa iyayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo suna da wani enzayim mai yawa da ke kashe masa dafi. Shi ya sa 'ya'yan jini ke faɗuwa amma iri ba ya ƙarewa.

Masana sun daɗe suna neman inda kansa ta bambanta da lafiyayyen nama ƙarara, kuma bambanci na farko da suka ci moriyarsa rashi ne. A 1953 wani mai bincike, John Kidd, ya ga cewa ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da wata kansa a jikin ɓeraye. A 1961 John Broome ya gano sirrin: wani enzayim ne, asfarajinas, da ke lalata wani sinadarin abinci mai suna asfarajin a cikin jini. Lafiyayyar ƙwaya tana da mai dafa mata asfarajin a cikin gida. Ƙwayar kansar jinin yara kuwa kamar gwauro take, ba ta da mai girki, kullum sai ta saya a waje. Idan aka rufe wa mai tuwo-tuwo rumfa, masu iyali za su ci a gida, gwauro ne zai kwana da yunwa. Wannan maganin yana cikin ginshiƙan da suka sa a ƙasashen da ke da kayan aiki yara kusan 9 cikin 10 masu wannan cuta suke warkewa. Yana da nasa haɗarin, yakan tayar da borin jini ko ya taɓa sashen jikin da ke fitar da insulin, kuma sai an ajiye shi a firji, abin da ke sa mu fargaba duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Yanzu ga maƙwabcinku. Daga yadda kika kwatanta, cutarsa ita ce kansar jini mai tafiyar hawainiya da ake kira CML, ƙwayarsa kuma imatinib, wadda aka fi sani da Glivec. Labarinta ya ɗauki shekara arba'in. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya suka ga wani ƙullin gado, wato ɗaya daga cikin dunƙulen da aka nannaɗe DNA a ciki, da ya gajarce a jinin masu wannan cuta. A 1973 Janet Rowley a Chicago ta gano cewa musaya aka yi: ƙullin gado na 9 da na 22 sun karye sun yi musayar guntaye. A inda guntayen suka haɗu sai aka haifi wani sabon enzayim, BCR-ABL, wanda babu shi a jikin mai lafiya. Aikin danginsa shi ne ba ƙwaya umarnin ta rabu idan an buƙata, sannan su yi shiru. Shi wannan ba ya shiru, kamar babur ne da totur ya maƙale masa. Ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa, saifa ta kumbura, mutum ya rame. Masana kamfanin Ciba-Geigy, wanda ya koma Novartis, tare da likita Brian Druker, suka samar da sinadarin da ke shiga gurbin wannan enzayim ya kulle shi. A gwajin farko, cikin marasa lafiya 54 da suka sha isasshen ma'auni, jinin 53 ya daidaita. Amurka ta amince da maganin a watan Mayun 2001. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shafe shekaru yana raba shi kyauta ƙarƙashin wani shirin tallafi, kuma mutanenmu da dama daga Arewa sun sha wannan doguwar hanya don karɓo shi. Tushen gashin maƙwabcinku ba shi da BCR-ABL, don haka maganin ya wuce shi bai taɓa ba.

To ƙarin da ke jikin Hajiya shi ma ba shi da BCR-ABL. Da za a ba ta imatinib, mabuɗin wani gida aka ba ta, za ta sha illarsa ba ta ga amfaninsa ba. Ba a fifita maƙwabci a kanta ba, kuma ba rowa aka yi mata ba. CML ta zo da sauƙi ta wannan fuska domin ɓarna ɗaya ce ke jan ta, kansar mama kuwa ɓarna iri-iri ce ta taru, kuma ta wannan mace daban da ta waccan.

Amma kada ki ɗauka kansar mama ba ta da nata kwaɗon. Wasu ƙararrakin da sinadarin mata, istrojin, suke girma. Macen da ta daina al'ada, ƙwan mahaifarta ya huta, amma wani enzayim mai suna aromatas da ke cikin kitse yana ci gaba da ƙera istrojin kaɗan-kaɗan. Letrozol da anastrozol shi suke tarewa, ƙwaya ɗaya a rana, shekara biyar ko fiye. Wadda ba ta daina al'ada ba an fi ba ta tamoksifen, wanda ke tsayawa a ƙofar da istrojin ke shiga. Wasu ƙararrakin kuma suna da wani mai ba da umarnin rabuwa da ake kira HER2 da ya yi musu yawa, akwai allurar tirastuzumab dominsa tun 1998, sai dai tsadarta tana karya gida. Kin ga ke nan yana yiwuwa ƙwarai bayan an gama ruwa da tiyata, Hajiya ma ta koma mai shan ƙwaya ɗaya kullum kamar maƙwabcinku. Abin da zai nuna hakan shi ne gwajin ER da PR, wato ƙofofin da sinadaran mata ke shiga, da kuma HER2, wanda ake yi a kan ɗan naman da aka ciro daga ƙarin. Na san maganar da ake yi a gari cewa daji ba ya son ƙarfe, idan allura ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan maganar ta cinye mana mata da yawa. Ba tare da ɗan naman nan ba, likita a duhu yake harbi.

Idan duka ukun suka fito babu, kuma binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta yi tare da abokan aikinta na Ibadan ya nuna irin wannan ya yawaita a matan Afirka ta Yamma, to kemo ne babban makami, kuma irin wannan ƙari yakan ji kemo sosai. Ko a nan akwai wata dabara ga masu ɓarnar gado ta BRCA. Ƙwayar halitta tana da hanya fiye da ɗaya ta gyaran DNA, kamar gidan da ke da wutar gwamnati kuma yana da janareto. Ƙwayar kansa mai ɓarnar BRCA an riga an yanke mata babban layi, da janareto kaɗai take rayuwa, shi ne enzayim ɗin PARP. Idan aka kashe janareton kowa a unguwa, gidaje masu layi ba za su ji komai ba, gidan da aka yanke ne zai shiga duhu. Ƙungiyoyin masana biyu a Ingila suka nuna haka a 2005, maganin olafarib kuma ya fito a 2014. Idan a danginku an samu mata fiye da ɗaya da kansar mama ko ta ƙwan mahaifa, musamman da ƙuruciya, ki faɗa wa likita, domin maganar ta shafe ki ke ma.

Kansa kuma tana sauya kwaɗo. An ga ƙwayoyin da suka tsira daga metotireksat ta hanyar ninka enzayim ɗin DHFR har maganin ya kasa tare su duka. A CML kuma sauyin tubali ɗaya tak a gurbin enzayim, wanda ake kira T315I, yana hana imatinib shiga, sai an koma wani magani kamar fonatinib. Abin da ke ba irin waɗannan ƙwayoyi damar yaɗuwa shi ne magani rabi-rabi: a sha yau a bari gobe, ko a tsallake zagaye. Na tuna wani magidanci da jininsa ya daidaita sarai, ya ga ya warke, ya ajiye ƙwayar wata da watanni. Da ya dawo mana cutar ta rikiɗe ta zama mai gaggawa, ba mu iya riƙe shi ba, Allah ya jiƙansa. Idan kuna gaisawa da maƙwabcinku ki isar masa da wannan saƙo, kada ya dakata sai likitansa ne ya ce. Haka Hajiya, idan kuɗin zagaye na gaba ya gagara, ku sanar da likita da wuri ku tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya game da asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, kada ku ɓace shiru.

Jikin mara lafiyar ma yana da nasa enzayim da ke sarrafa maganin, kuma a nan ne aikina ya fi yawa. Wani enzayim mai suna DPD ne ke narkar da mafi yawan 5-FU da aka ɗaura wa mutum, kuma akwai waɗanda aka haifa da ƙarancinsa, ma'aunin da kowa ke ɗauka lafiya su yana iya kai su kushewa. Rifamfisin na masu tarin fuka yana zaburar da enzayim ɗin hanta su cinye imatinib kafin ya yi aiki. Ƙarancin wani enzayim mai suna G6PD, wanda ya yawaita a mazan ƙasar nan, yana hana mu ba da wani maganin da ke kare ƙoda yayin da kansa ke narkewa da sauri. Saboda haka duk jiƙo da sassaƙe da garin magani da 'yan dubiya za su kawo wa Hajiya, da kyakkyawar niyya suka kawo, amma ta hanta ɗaya za su bi da kemo, kuma suna iya rage masa ƙarfi ko su ƙara masa dafi. Ki tattara duk abin da take sha, har da na hawan jini da na suga, ki zuba a leda ki kawo wa likita ko mai harhaɗa magani ya gani. Ba wanda zai yi miki faɗa.

A zuwanku na gaba ki nemi a nuna miki sakamakon ER da PR da HER2, in ba a yi ba ki tambayi inda za a kai naman a yi. Ki tambaya ko an duba zuciyarta da na'ura kafin a fara, domin jan ruwan yana da iyakar abin da zuciya ke iya ɗauka a tsawon rayuwa, kuma muna lissafa kowane zagaye. Fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan, launin maganin ne. Ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a rana, a sassauta yaji. Abu mafi muhimmanci, ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a ɗakinta. Idan ya nuna 38 ko sama, ko ta kama rawar sanyi, musamman a mako na biyu, kada ki ce maleriya ce ki ba ta farasitamol ku jira gari ya waye. A lokacin sojojin jikinta sun yi ƙasa, ƙaramar cuta tana iya zama babba cikin awoyi. Ko ƙarfe biyun dare ne ku kama hanyar asibiti, ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan kemo da ranar da aka ɗaura mata na ƙarshe.

Gashin kuwa zai fara tsirowa makonni kaɗan bayan ruwan ƙarshe, sau da yawa ma ya fi na da laushi. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata muna yi mata addu'a.